YADDA JIKOKIN MUTANEN AILAN KE TONO ASALINSU DAGA LITTATTAFAN COCI

Ran 3 ga watan Yuni na shekarar 1984, Shugaban Ƙasar Amurka na lokacin, Ronald Reagan, ya sauka a wani ɗan ƙauye da ake kira Ballyporeen, cikin lardin Tipperary na ƙasar Ailan. Mutanen ƙauyen duka-duka 'yan ɗaruruwa ne, kuma abin da ya jawo musu wannan babban baƙo shi ne wani tsohon littafi da ke ajiye a hannun fadan cocin Katolika na garin. Aka buɗe masa shafin shekarar 1829, aka nuna masa layi guda wanda aka rubuta da alƙalami da tawada, mai cewa an yi wa wani jariri Michael Regan baftisma. Jaririn nan shi ne kakan mahaifin shugaban. Da ya girma ya bar ƙauye ya tafi Landan, daga can ya haye teku ya zauna a Jihar Illinois.

Irin wannan littafi akwai dubbansa a Ailan, kuma miliyoyin mutane a Amurka da Ingila da Kanada da Ostareliya ba su da wata igiyar da ta ɗaure su da ƙasar kakanninsu sai shi. Ana ƙiyasta cewa masu danganta asalinsu da Ailan a duniya sun kai kimanin miliyan 70, fiye da miliyan 30 daga cikinsu a Amurka kaɗai, alhali tsibirin kansa mutanensa kimanin miliyan 7 ne. A nan Nijeriya ma sunan Ailan sananne ne, saboda fada-fada da sistocin ƙasar da suka daɗe suna buɗe makarantu da asibitoci a sassa dabam-dabam.

ABIN DA YA WATSA SU

Dalilin wannan watsuwa yunwa ce. Ƙidayar jama'a ta 1841 ta nuna mutanen Ailan sun haura miliyan 8, kuma talakawansu sun dogara ne ga dankalin Turawa kamar yadda manomi ke dogara ga hatsin rumbunsa. A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin, ya riƙa ruɓewa a cikin ƙasa, aka yi ta fama har wajen 1852. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu saboda yunwa da cututtuka, kimanin miliyan ɗaya kuma suka shiga jiragen ruwa suka bar ƙasar. Ƙaura ba ta tsaya ba bayan yunwa ta wuce, domin a ƙidayar 1911 mutanen tsibirin ba su kai miliyan 4 da rabi ba.

Yawancin waɗanda suka fita talakawa ne masu hayar gona, da yawansu ba su iya karatu da rubutu ba. Ba su bar wasiyya ba, ba su bar takardar mallakar fili ba. Gwamnati kuwa ba ta fara rubuta haihuwa da mutuwa da auren kowa da kowa ba sai a 1864, ko da yake ta fara rubuta auren waɗanda ba Katolika ba tun 1845. Ke nan mutumin da aka haifa kafin 1864, sau da yawa wurin da kawai aka taɓa rubuta sunansa a ƙasar haihuwarsa shi ne littafin coci, ran da aka kai shi baftisma, watau wankan da Kirista ke yi wa jariri na shigar da shi addini, da kuma ran da aka ɗaura masa aure.

GOBARA DAGA KOGI

Da takardun gwamnati sun tsira, da littattafan coci ba su yi wannan tsada ba. A 1867 aka kafa babbar ma'ajiyar takardun ƙasa a birnin Dablin, cikin harabar manyan kotuna da ke bakin kogin Liffey. Nan aka tara takardun shari'a da wasiyyoyi da na ƙidayar jama'a, waɗansu sun kai shekara ɗari bakwai. A watan Afrilu na 1922, masu adawa da yarjejeniyar da aka ƙulla da Ingila suka mamaye harabar, suka jibge albarushi da harsasai a ginin ma'ajiyar. Ran 28 ga watan Yuni sojojin sabuwar gwamnati suka fara yi musu ruwan igwa, abin da ya zama mafarin yaƙin basasa. Ran 30 ga wata sai ginin ya yi bindiga, wuta ta tashi, guntayen takardu suka riƙa sauka a titunan birni.

A wannan rana aka yi hasarar kusan dukan takardun ƙidayar 1821 da 1831 da 1841 da 1851, waɗanda suka ƙunshi sunayen mutanen kowane gida. Na 1861 da 1871 dama gwamnati ta riga ta lalata su da kanta, na 1881 da 1891 kuma an niƙe su a zamanin Yaƙin Duniya na Farko. Saboda haka daga ƙidayar ƙarni na 19 babu abin da ya rage sai 'yan gutsattsari. Na 1901 da na 1911 sun tsira cikakku, kuma ana iya duba su kyauta ta intanet.

Wutar ta ci littattafan coci ma, amma na ɓangare guda. Cocin Ailan, watau na 'yan Anglika, shi ne cocin gwamnati har zuwa 1871. Bayan an raba shi da gwamnati, dokokin 1875 da 1876 suka ce tsofaffin littattafansa dukiyar ƙasa ce, a kai su ma'ajiyar Dablin, sai fa gundumar da ta nuna tana da wurin ajiya mai aminci. Gundumomi kimanin 1,000 suka bi doka suka kai nasu, suka ƙone ƙurmus. Waɗanda suka riƙe nasu a gida, su fiye da 600, su ne suka tsira. Hausawa kan ce gobara daga kogi maganinta Allah, ga shi kuwa wurin da aka kai kaya don tsira nan ne wuta ta same su.

Sai dai akwai kuskuren da ya yaɗu a tsakanin jikokin 'yan ƙaura, cewa wai duk takardun Ailan sun ƙone, neman asali ɓata lokaci ne. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati tana wani ofishi dabam, wuta ba ta taɓa ta ba. Littattafan cocin Katolika kuma, wanda shi ne addinin mafi yawan jama'a, ba a taɓa kai su ma'ajiyar ba, domin gwamnati ba ta ɗauke su a matsayin nata ba. Suna hannun fada-fada a garuruwansu, rainin da aka yi musu ya zama garkuwarsu.

ME YA SA SUKA FARA A MAKARE

Duk da haka littattafan Katolika suna da tasu naƙasa, wadda ta samo asali daga dokokin danniya na ƙarni na 17 da na 18. Dokar 1697 ta kori bishop-bishop daga ƙasar, ta 1704 kuma ta tilasta wa kowane fada ya yi rajista a wurin hukuma. A waɗansu wurare a fili ko a gidajen mutane ake yin ibada. Fadan da ke cikin wannan hali, ga talauci, ba shi da sukunin ajiye littafi mai ɗauke da sunayen mabiyansa.

Shi ya sa shekarar farawar littattafan ta bambanta daga wuri zuwa wuri. A birane irin su Dablin da Cork da Waterford, inda akwai 'yan kasuwa masu hali, ana samun waɗanda suka fara tun tsakiyar ƙarni na 18, ƙalilan ma kafin nan. A yawancin karkara sai wajen 1820 zuwa 1830 suka kankama, daidai lokacin da aka sassauta dokokin, har aka ba Katolika damar shiga majalisa a 1829. A yammacin ƙasar kuwa, lardunan Mayo da Donegal da makamantansu, akwai gundumomin da ba su fara rubutu ba sai bayan 1850. Abin takaicin shi ne waɗannan yankuna suna cikin waɗanda yunwa ta fi yi wa ɓarna, watau inda masu nema suka yi yawa nan ne rubutu ya yi ƙaranci.

Wanda ya yi sa'a ya samu shafin baftisma, yakan tarar da kwanan wata, da sunan jariri, da sunan uba, da sunan uwa haɗe da sunan gidan ubanta, da sunayen mutum biyu da suka tsaya wa yaron, wani lokaci har da ƙauyen da iyayen ke zaune. Sunan gidan uban matar nan shi ne mabuɗi, domin da shi ake tattara 'ya'yan ɗaki ɗaya. Masu tsaya wa yaro kuma galibi 'yan'uwa ne ko maƙwabta, saboda haka sunayensu kan nuna dangin da ba a san da su ba. Shafin aure yakan kawo sunan ango da amarya da shaidu, kuma bisa al'ada a cocin garin amarya ake ɗaurawa. Jana'iza dai cocin Katolika bai cika rubuta ta ba. 'Yan Anglika su ne suka fi kula da wannan, har akan samu sunan ɗan Katolika a littafinsu idan a maƙabartarsu aka binne shi.

DAGA AKWATIN FADA ZUWA INTANET

A da, wanda ke son duba littafi sai ya rubuta wa fadan gunduma wasiƙa ya jira, ko ya yi tattaki ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Fada kuwa yana da aikin ibada da na marasa lafiya a gabansa, amsa ta danganta ga sukuninsa. Cikin shekarun 1950 da 1960 Laburaren Ƙasa da ke titin Kildare a Dablin, da yardar bishop-bishop, ya ɗauki hoton littattafan a kan ƙaramin fim, aka tsaya a kan shekarar 1880. Daga nan mai bincike yakan je laburaren ya zauna gaban na'ura yana murza fim har idonsa ya yi ja. Ko a hakan ma akwai yankunan da sai da izinin bishop, na Cashel da Emly kuwa an rufe shi shekara da shekaru, sai a 2008 laburaren ya buɗe wa kowa.

Babban sauyi ya zo ran 8 ga watan Yuli na 2015, sa'ad da laburaren ya ɗora hotunan a intanet kyauta, hotuna fiye da 370,000 daga gundumomi fiye da 1,000 na tsibirin baki ɗaya, har da Ailan ta Arewa. Shafin yana da taswira, mutum ya zaɓi lardi, ya zaɓi gunduma, ya zaɓi shekara, sa'an nan ya karanta rubutun fada da idonsa. Ba a tsara shi yadda za a buga suna ya fito ba. A 2016 kamfanonin Ancestry da Findmypast suka fitar da fihirisar sunaye ta waɗannan hotuna, mai ɗauke da rajista kimanin miliyan 10. Akwai kuma RootsIreland, wanda cibiyoyin binciken asali na larduna suka haɗa, inda ake biyan kuɗi a ga abin da aka kwafe. Fa'idarsa ita ce da yawa an kwafe su ne daga ainihin littattafan, kuma a waɗansu larduna sun wuce 1880.

Gwamnati ita ma tana da shafinta, IrishGenealogy, wanda ke nuna rajistarta kyauta: haihuwar da ta wuce shekara 100, auren da ya wuce shekara 75, da mutuwar da ta wuce shekara 50. Yana kuma ɗauke da littattafan coci na Dablin da Kerry da Carlow da wani yanki na Cork. Littattafan 'yan Anglika da suka tsira, da yawansu suna laburaren hukumar cocin a Dablin, waɗansu har yanzu suna gundumominsu. Na lardunan arewa, da na 'yan darikar Firesbiteriya da Metodis, ma'ajiyar takardun Ailan ta Arewa da ke Belfas ta tara kofen da yawa daga ciki. Wanda ke neman baftismar Katolika ta bayan 1880 kuwa, sau da yawa sai ya koma tsohuwar hanya, ya rubuta wa ofishin gunduma cikin ladabi, ya ba da suna da shekara daidai gwargwado.

SAI AN SAN GARI

Masana binciken asali sun haɗu a kan cewa a ƙasar da kaka ya sauka ake fara nema, kafin a waiwayi Ailan. Dalili shi ne littattafan gunduma-gunduma suke, sunayen kuma maimaituwa suke yi. Murphy da Kelly su ne sunayen gida mafi yawa a ƙasar, Patrick da John da Mary da Bridget kuma kusan kowane gida akwai su. Bisa al'ada ɗan fari sunan kakansa na wajen uba ake mayar masa, na biyu na wajen uwa, saboda haka a ƙauye ɗaya akan samu 'yan'uwa huɗu ko biyar masu suna iri ɗaya, shekarunsu kusa da juna. Wanda ya ɗauki na farkon da fihirisa ta nuna masa, yana iya shafe shekaru yana gina salsalar gidan wani.

Abin da ake farauta shi ne sunan ƙauye. Ailan tana da larduna 32, kuma an yanka ƙasar ƙanana-ƙananan yankuna fiye da 60,000, waɗansu ba su wuce gonaki kaɗan ba. Sunan irin wannan yanki yakan ɓullo a kan dutsen kabari a Amurka, ko takardar zama ɗan ƙasa, ko rajistar aure, ko tsohuwar wasiƙar da wata gwaggo ta adana. Wata jaridar Katolika ta birnin Boston mai suna Pilot ta yi shekara 90, daga 1831 zuwa 1921, tana buga shafin cigiya, inda mace ke neman mijinta ko ƙane ke neman wansa, kuma sukan faɗi gundumar da ɓataccen ya fito. Cigiyar da aka yi cikin hawaye a wancan zamani ita ce ke yi wa jikoki jagora a yau.

Bayan an samu ƙauye akwai sauran tarko. Gundumar hukuma dabam take da gundumar cocin Katolika, iyakokinsu ba ɗaya ba ne, sunayensu ma kan bambanta, kuma waɗansu gundumomin an raba su daga baya. Mai hankali yakan duba na maƙwabta idan bai samu a ta farko ba. Littattafai biyu na haraji suna taimakawa wajen gane inda gida yake: na ushirin amfanin gona da ake biyan cocin gwamnati, na 1823 zuwa 1837, da na kimanta filaye da gidaje wanda Richard Griffith ya jagoranta, na 1847 zuwa 1864.

Sai kuma batun harshe. Fada-fada da yawa da Latin suke rubutu, suna juya sunan yanka su bar sunan gida yadda yake. James yakan zama Jacobus, William ya zama Gulielmus, John ya zama Joannes, Patrick ya zama Patricius. Wadda aka sani da Nora a Amurka tana iya fitowa da Honora, Delia kuma da Bridget. Harafin O ko Mac da ke gaban sunan gida yau a rubuta shi gobe a yar, kuma fada yakan rubuta suna yadda kunnensa ya ji, kamar yadda Regan ya koma Reagan a hayin teku. Ga rubutun hannu mai cakuɗe, ga tawada da ta kwashe, ga shafukan da danshi ya ci. Shekarun haihuwa ma ba a cika riƙe su ba, don haka akan faɗaɗa nema shekara biyar gaba, biyar baya.

LAYI GUDA MAI CIYARWA

Tun kafin masu neman asali, littattafan nan sun taɓa zama abin cin tuwo. A watan Janairu na 1909 gwamnatin Ingila ta fara biyan fensho na sule biyar a mako ga matalautan da suka kai shekara 70. Duk wanda ya cancanta an haife shi kafin 1864, ba shi da takardar haihuwa. Tsofaffi suka yi ta tururuwa wurin fada-fada neman shaidar baftisma, wanda ba a samu nasa ba kuma aka duba masa ƙidayar 1841 ko 1851. Takardun wannan dubawa sun tsira, sun adana sunayen da wuta ta cinye asalinsu a 1922. Masu bincike sun lura cewa mutane da yawa sun ƙara fiye da shekara goma tsakanin ƙidayar 1901 da ta 1911, kuma ba a rasa hannun sule biyar a cikin wannan tsufa na gaggawa ba.

A wannan zamani kuma akwai batun fasfo. Dokar Ailan ta ba wanda aka haifi kakansa ko kakarsa a tsibirin damar yin rajista ya zama ɗan ƙasa. Bayan ƙuri'ar da mutanen Birtaniya suka kaɗa a 2016 ta ficewa daga Tarayyar Turai, masu neman wannan dama suka ƙaru ainun. Takardun gwamnati ake buƙata, amma littafin coci shi ke nuna wa mutum wace daga cikin Mary Kelly goma ce kakarsa.

Neman ya kuma fito da zumuncin da ba a zata ba. A 2007 wani limamin Anglika ya samu sunan gidan Kearney a littattafan gundumarsa, na cikin waɗanda suka tsira, ya tabbatar cewa Falmouth Kearney, wanda ya bar ƙauyen Moneygall a 1850, yana cikin kakannin Barack Obama ta wajen uwa. Obama ya ziyarci ƙauyen a watan Mayu na 2011. Shahararren ɗan dambe Muhammad Ali shi ma an gano cewa kakan mahaifiyarsa, Abe Grady, mutumin garin Ennis ne a lardin Clare, kuma a 2009 ya je garin, jama'a suka yi dafifi suna tarbarsa.

Abin da ya ƙone ma ba a fid da rai gare shi ba. A watan Yuni na 2022, shekara 100 cif bayan gobarar, masana ƙarƙashin jagorancin Kwalejin Trinity ta Dablin suka buɗe wata ma'ajiya ta intanet wadda ke tattara kofe-kofen takardun da suka ƙone daga Landan da Belfas da Amurka da sauran wurare. Amma ga talakan da ya bar ƙauyensa a zamanin yunwa da ɗan ƙunshin kaya a hannu, shaida mafi ƙarfi har yanzu ita ce layin nan guda da fada ya rubuta ran baftismarsa. Wanda ya san ƙauyen kakansa, ya kuma yi haƙurin bin shafi bayan shafi, yau yana iya karanta layin daga ɗakinsa ba tare da ya biya ko kwabo ba.